SHARHI: Yadda dokar noma ta Amurka ke ƙayyade abin da mafarauta ke tararwa a daji

Ranar Asabar ta uku ga watan Oktoba na kowace shekara, da ƙarfe goma na safe, ake buɗe babbar kakar farautar tsuntsaye a jihar Dakota ta Kudu da ke tsakiyar Amurka. Ranar Asabar ta ƙarshe ga watan jihar Ayowa ke buɗe tata, ita kuwa Kansas sai Asabar ta biyu ga Nuwamba. Tsuntsaye biyu ake nema. Na farko shi ne fezan, wani ɗan'uwan fakara mai doguwar wutsiya, wanda namijinsa ke da farin zobe a wuya. Na biyu kuwa salwar Amurka ce, wadda ba ta wuce cikin tafin hannu ba.

Kafin ranar buɗewa jaridun yankin kan cika da hasashe: an yi ruwa a kan kari, sanyin hunturu bai yi tsanani ba, ko kuma fari ya ƙone ciyawa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tarihin shekaru sittin da suka wuce ya nuna cewa yanayin sama na yanke hukuncin shekara guda ne kawai. Abin da ke yanke hukuncin shekaru goma shi ne faɗin ƙasar da aka bar wa ciyawa, kuma a majalisar dokoki da ke Washinton ake tsayar da wannan.

Abin da ake dubawa kafin a buɗe kaka

Fezan da salwa a ƙasa suke sheƙa, cikin ciyawa mai duhu, kuma ƙwansu na ɗaukar kimanin kwana 23 kafin ƙyanƙyasa. A arewacin yankin, tsakiyar watan Yuni ne ganiyar ƙyanƙyasar fezan. Makonnin farko 'yan tsaki ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, kuma ƙwari ne abincinsu. Idan aka yi ruwa mai sanyi a lokacin, su mutu. Idan aka yi fari, ƙwari su yi ƙaranci, su mutu da yunwa. Dusar ƙanƙara mai kauri kuma kan halaka iyayen tun kafin lokacin sheƙa.

Farautar kanta ba ta cika rage fezan ba, domin zakaru kaɗai doka ta yarda a harba, uku a rana a Dakota ta Kudu, huɗu a Kansas, kuma zakara ɗaya ya isa kaji da yawa. Salwa kuwa, ko da mafarauci ko babu, kusan kashi 80 cikin 100 ba sa cika shekara. Don haka yawancin tsuntsayen da ake harbi a kaka 'ya'yan wannan shekarar ne.

Domin sanin yadda ƙyanƙyasa ta kasance, jami'an Ayowa kan fita da sassafe a watan Agusta, lokacin da raɓa ke koro tsuntsaye bakin hanya, su bi hanyoyi sama da 200, kowace mai tsawon kilomita 48, suna ƙirge. Tun 1962 ake wannan aiki a tsari ɗaya, abin da ya sa ana iya kwatanta bana da shekaru hamsin baya.

Ciyawar da gwamnati ke biya wa haya

A 1985 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar noma da ta kafa shirin hutar da gonaki, wanda aka fi sani da CRP. Gwamnati na biyan manomi haya duk shekara, shi kuma ya daina nome gonar da zaizaya ke ci, ya shuka mata ciyawa na tsawon shekara 10 zuwa 15. Manufar ita ce kare ƙasa da rage hatsin da ya yi wa kasuwa yawa. Tsuntsaye sun ci moriya ne a gefe, kamar yadda suka ci a wani shiri makamancinsa na 1956, wanda ƙarewarsa a shekarun 1960 ta zo da faɗuwar yawansu.

A 2007 shirin ya kai ƙololuwa, da eka miliyan 36.8, wato kusan ninki biyu na faɗin Jihar Neja. A wannan shekarar mafarautan Dakota ta Kudu sun harbi zakaru sama da miliyan biyu.

A shekarar ce kuma majalisa ta ƙara yawan man itanol da dole a riƙa gauraya wa fetur, man da akasari daga masara ake tatsarsa. Farashin masara ya yi ta hawa har ya kai matakin da bai taɓa kaiwa ba a 2012. Manomin da kwantiraginsa ya ƙare ya yi lissafi, ya ga hayar gwamnati ba ta kama ƙafar ribar masara ba, sai ya sa garma. Dokar noma ta 2014 ta zo ta rage iyakar shirin zuwa eka miliyan 24.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Bayan farin 2012 da sanyin bazarar 2013, ƙidayar Dakota ta Kudu ta nuna raguwar kashi 64 cikin 100 a shekara guda, abin da aka harba kuma ya gaza miliyan ɗaya. Gwamna Dennis Daugaard ya kira taron gaggawa kan mazaunin tsuntsaye a garin Huron a watan Disamba na shekarar. A Ayowa, inda a shekarun 1990 ake harbin sama da miliyan ɗaya, adadin ya faɗi zuwa kusan dubu ɗari a 2011. Mummunan hunturu ba sabon abu ba ne a yankin. Bambancin shi ne, a da tsuntsayen da suka tsira na samun inda za su hayayyafa su maye gurbi cikin shekara biyu ko uku.

Lamarin salwa ya fi muni. Ƙidayar tsuntsaye ta ƙasa ta nuna ta ragu da kusan kashi 85 cikin 100 tun 1966, saboda haɗe ƙananan gonaki zuwa manya, da share shingayen ƙaya da ciyayin gefen gona, da daina ƙona dazuzzukan kudu maso gabas bisa tsari. A Teksas takan yi ambaliya bayan shekarun ruwa, kamar a 2016, sannan ta sake nutsewa.

Jihar da ta daina ƙirge

Ga Dakota ta Kudu wannan sana'a ce. An saki tsuntsun, wanda asalinsa ɗan Asiya ne, kusa da garin Redfield a 1908, aka yi kakar farko ta kwana ɗaya a 1919, aka kuma ayyana shi tsuntsun jiha a 1943. A yau baƙin mafarauta daga wasu jihohi kan fi 'yan gida yawa, kuma kuɗin da ake kashewa a otal-otal, gidajen abinci da shagunan ƙananan garuruwa ya haura dala miliyan 200 a shekara.

A 2020, zamanin Gwamna Kristi Noem, hukumar kula da namun daji ta jihar ta dakatar da ƙidayar bakin hanya da ake yi tun 1949. Hujjarta ita ce ba da alƙaluman ake tsara tsawon kaka ko adadin da za a harba ba, kuma duk shekarar da aka bayyana raguwa baƙi kan fasa zuwa. Aka ƙara kuɗin talla, aka tsawaita kaka zuwa ƙarshen Janairu.

Hujjar farko na da tushe a kimiyya, tunda zakaru kaɗai ake harbi. Ta biyun ce abin dubawa. Ƙidayar ita ce ma'aunin da ya tilasta wa gwamna kiran taro a 2013. Yanzu abin da ya rage shi ne adadin da mafarauta suka ce sun harba, wanda sai bayan kaka ake samu, kuma yawan mafarautan da kwanakin da suka fita na shafarsa. Akwai kuma wuraren farauta masu zaman kansu sama da 200 da ke sakin tsuntsayen keji daga Satumba zuwa Maris. Mai kuɗi zai samu abin harbi ko daji ya cika ko bai cika ba. Mai bin filayen gwamnati ne ke jin raguwar a ƙafarsa.

Akwai dalilin da ya sa hukumomi ke tsoron korar baƙi. Kuɗin lasisi ne ke riƙe da su, tare da harajin kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta da harsasai, wanda wata dokar 1937 ta ware wa aikin kula da namun daji, ake kuma raba wa jihohi gwargwadon faɗinsu da yawan masu lasisi. Hukumar da ke auna lafiyar daji ita ce kuma ke cin abinci daga yawan masu shigarsa.

Inda ake ja-in-ja

Masu adawa da faɗaɗa shirin hutar da gonaki ma suna da abin faɗa. Matasan manoma na kukan cewa gwamnati na gogayya da su wajen hayar gona, dillalan hatsi da taki kuma na cewa gonar da ba a noma ba ta kawo ciniki gari. Dokar 2018 ta raba gardama: ta ɗaga iyaka zuwa eka miliyan 27, amma ta rage hayar zuwa kashi 85 ko 90 cikin 100 na abin da ake biya a yankin. Ƙari a kan haka, kaso mai yawa na sabbin ekokin filayen kiwo ne da dama can ciyawa ce a kansu. Lissafi ya ƙaru a takarda fiye da yadda mazaunin sheƙa ya ƙaru a yankunan masara. A shekarun fari kuma akan ba da izinin yanke ciyawar ko sakar mata shanu.

Wa'adin dokar 2018 ya cika a ƙarshen Satumban 2023, tun daga nan majalisa ke tsawaita ta da shekara ɗai-ɗai. Ƙungiyoyin mafarauta irin su Pheasants Forever, wadda aka kafa a 1982, na neman a ɗaga iyaka da haya, amma manomin da ake so ya ɗaure gonarsa shekara goma na kallon dokar da ba ta da tabbas bayan wata goma sha biyu.

Hunturu mai sauƙi ya farfaɗo da tsuntsayen a 'yan shekarun nan. Ayowa ta haura rabin miliyan a 2023. Gwajin gaskiya zai zo ne ranar da fari da mummunan sanyi suka sake haɗuwa. A lokacin, ekokin ciyawar da majalisa ta amince ta biya ne za su nuna ko za a farfaɗo cikin shekara biyu ko sai goma, kuma a jihar da ta fi kowa dogaro da wannan farauta babu sauran jami'in da ke fita da asuba yana ƙirgawa.