A Bar Wanda Ya Taka Leda Ya Yi Sharhi

A shekarar 2022 Segun Odegbami ya buɗe gidan rediyon wasanni a Abeokuta, ya raɗa masa suna Eagle7. Yaron da bai san shi ba ya tambayi babansa. Shi ne lamba bakwai na Green Eagles da ya zura wa Aljeriya ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 1980, Muda Lawal ya ƙara ta uku, Najeriya ta ɗaga kofin karon farko. A Jos ya tashi, a Shooting Stars ta Ibadan ya yi suna. Da ƙafa ta gaji bai koma gida yana jiran a tuna da shi ranar biki ba. Ya yi shekara da shekaru yana rubutu a jarida, ya yi talabijin, sannan yana dab da cika shekara 70 ya kafa tasha tasa ta kansa.

Dattawanmu na Birnin Kudu da ke ambatonsa har gobe, akasarinsu a rediyo suka san shi, daga bakin marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya. Wancan zamani ne da mai sharhi yake zama idon mai sauraro. Yanzu kowa na da ido. Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, har Sara da Basirka, da wuya ka shiga gari ka rasa gidan kallo: rumfar kwano, benci a jere, janareto na kuka a baya, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Sakamako kuwa yana cikin wayar kowane yaro kafin alƙalin wasa ya sauke usur daga baki.

To me ya rage wa rediyo? Abin da nake yawan ji a shirye-shiryen wasanni shi ne matashi mai zaƙin murya yana karanto mana abin da muka riga muka kalla jiya, ya bi da jita-jitar cinikin 'yan wasan Turai da ya kwaso a intanet, sai a buɗe layi 'yan Madrid da 'yan Barcelona su yi ta yi wa juna ba'a har lokaci ya cika. Ina dariya, ba na musu. Amma ba na tashi da abin da ban sani ba.

Akwai wani bawan Allah a garinmu da ya buga wa wata ƙungiya a ƙaramin rukuni na ƙasa har gwiwa ta hana shi. Yanzu kayan gyaran babur yake sayarwa. Ranar da aka ci wata ƙungiya ƙwallo daga kwana, duk gidan kallo ya ɗora wa gola laifi. Da muka fito teburin mai shayi sai ya ja kofuna uku da gwangwanin madara ya jera. Ya ce ku duba, wannan ɗan bayan shi aka ba sandar kusa, ya bar ta ya bi mutumin da ba nasa ba, gola kuwa ya riga ya yarda akwai mai tsare masa nan, shi ya sa ya taka gaba. Ya tura gwangwanin ta ratar da kofin ya bari. Aka yi tsit. Washegari da aka maimaita hoton, haka abin yake, ba ragi. Mutumin nan ba a taɓa gayyatarsa ko gaisuwa a gidan rediyo ba.

Irinsa suna da yawa a Jigawa da Kano. Akwai waɗanda suka sa rigar Jigawa Golden Stars lokacin da take cikin Firimiyar Najeriya. Akwai waɗanda suka ga Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 daga cikin fili, ba daga benci a gidan kallo ba, da waɗanda suka ɗauki kofin lig sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Su ne suka san yadda ake kwana a mota a sauka a buga wasan waje, da yadda kuɗin sa hannu ke zama bashin da ba ranar biya, da abin da ke sa alƙali ya ga fenareti a minti na 90 in mai gida na neman maki. Ba na cewa a ɗauko Tijjani Babangida ko Garba Lawal, masu zinaren Atlanta na 1996, a kawo su gidan rediyo duk mako. Waɗanda nake nufi suna nan a kasuwa da tashar mota.

Na san abin da ma'aikatan rediyo za su ce, kuma da gaskiyarsu: iya ƙwallo daban, iya magana daban. Wani gwani ne a fili, amma ka miƙa masa makirfo sai "gaskiya sun yi ƙoƙari" har a rufe shiri. Wannan mai sauƙi ne, koyo ake yi. Alan Brazil, wanda ya buga wa Ipswich da Manchester United, ciwon baya ya raba shi da ƙwallo tun da sauran ƙuruciyarsa. Tun 2000 yake gabatar da shirin safe a talkSPORT ta Ingila, ya daɗe a rediyo fiye da yadda ya daɗe a fili. Ba da iya sharhi aka haife shi ba.

Abin da ya fi damuna wani ne. A nan ƙungiyar jiha ta gwamnati ce, babbar rediyon jiha ma ta gwamnati ce, tsohon ɗan wasa kuma galibi yana hangen a kira shi mataimakin koci ko jami'in walwala. Wanda ke jiran wannan kira ba zai buɗe baki ya ce ana bin yara albashi ba. Zai zama maroƙin shugaban ƙungiya, sharhinsa ya fi na mai karanta waya muni, don shi ya sani ya ɓoye. Odegbami yana faɗin abin da ya ga dama ne saboda ba ya jiran kowa ya ba shi aiki. Namu ba su da tasha, don haka dole a biya su kuɗin da zai sa su ɗauki sharhin a matsayin sana'a. Al'adar nan ta a ce wa baƙo "je ka nemo mai ɗaukar nauyi" ita ke jefa shi hannun ɗan siyasa.

Muna da FM a nan Birnin Kudu, ga Rediyon Jigawa, ga Freedom a Dutse. Rabin awa a mako ya isa a fara. A haɗa ma'aikacin da ya iya riƙe lokaci da tambaya da tsohon ɗan wasa guda, a ba su kuɗin mai su je filin Gwaram ranar gasar unguwanni, su dawo su faɗa mana wane yaro ne ya iya tare ƙwallo da ƙirji, wane koci ne ke sa yara gudu da tsakar rana ba ruwan sha. Masu gidajen kallo da masu sayar da riguna da takalman ƙwallo su ne suka fi cancanta su sayi talla a irin wannan fili, tunda masu sauraronsa su ne abokan cinikinsu.