Ungulu Ba Ta Koma Gidanta Na Tsamiya Ba

Duk dattijon da ya girma a ƙasar Gwandu ya san yadda mayanka ta ke da hantsi a zamanin ƙuruciyarsa. Mahauta suna fiɗa, ungulaye kuwa sun yi sahu bisa katanga da rassan kuka suna jiran rabonsu, har sai an sa yaro ya riƙa korarsu da sanda. Yau mutum ya iya tashi daga kasuwar Jega, ya bi ta Aliero, ya zaga Maiyama da Kuberi, yana ɗaga kai sama, da wuya ya yi ido biyu da ko guda. Akwai yara da yawa yanzu waɗanda suka san ungulu a karin magana kaɗai.

To, a tambayi jama'a, wace shekara ta tafi? Guda nawa ke sauka a mayankar Jega a 1980, nawa suka rage a 2000? Sai kowa ya yi shiru. Tsuntsuwar da ta zauna tare da mutane tun kaka da kakanni ta ƙare a gaban idon dubban masu ido, ba wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Wannan sakaci shi ne abin kunya, kuma masu ilmin zamani sun fi kowa laifi a cikinsa.

Wani zai ce, “Ƙazamar tsuntsuwa mai cin mushe, in ta tafi Allah ya raka taki gona.” Mai wannan magana bai yi tunani ba. Ungulu ita ce ma'aikaciyar tsabta wadda ba ta taɓa neman albashi ba. Jaki ya mutu a bayan gari, kafin ya yi wari ta share shi. Allah kuwa ya yi wa cikinta wani ruwa mai tsami ƙwarai, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. In babu ita mushen ba ya ɓacewa don kansa. Ruɓa zai yi a fili, ƙuda ya sauka a kai ya tashi ya faɗa cikin fura, karnukan da ba su da masu su ci su hayayyafa, ruwan sama ya kwashi sauran ya kai gulbi.

Wanda ke tsammani wannan tsoratarwa ce kawai, to, ya dubi abin da ya sami ƙasar Indiya. Daga wajen 1990 aka shiga ba shanu wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. Cikin shekara goma sha kaɗan fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗansu irin ungulayen ƙasar suka hallaka. Karnuka suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. A 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. A 2024 waɗansu masana biyu suka yi lissafi, suka ce rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Abin lura kuma, an gane masifar ne domin akwai waɗanda suka ƙirga tsuntsayen tun suna da yawa, suka ajiye lissafin. Da suka sake ƙirgawa sai giɓin ya fito fili, aka tashi neman dalili.

A nan Afirka ta Yamma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gaskiya ne an sassare manyan itatuwan da ta ke sheƙa a kai, irin su rimi da giginya, abincinta kuma ya ragu. Amma babban makashinta shi ne cinikin kanta da ƙafafunta da ƙwanta, waɗanda a ke shimfiɗawa a kasuwa wai don maganin farin jini, ko sa'ar ciniki, ko ganin abin da ke ɓoye. Maharbin yau ba ya ma wahalar da kansa da baka. Sai ya barbaɗa guba a kan mushe, garke guda ya faɗi a wuri ɗaya. A ƙasar Gini Bisau a 2020 an kashe kimanin 2,000 ta wannan hanya. Ga shi kuwa ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara. Yaya za ta mayar da gurbi? Saboda haka a 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ungulun gari cikin waɗanda ke bakin ƙarewa. Mai sayen kan ungulu don neman arziki ya kamata ya tambayi kansa: wanda ya sayar masa, da buhun kawuna a ɗakinsa, me ya hana shi yin arzikin?

Akwai kuma masu cewa ƙirga tsuntsu aikin Turawa ne da marasa abin yi. Amma ai in jan baki ya sauko wa shinkafa a fadamun Kabi, nan da nan a ke sanin inda ya ke kwana, a kai labari Birnin Kebbi, har jirgin sama ya zo feshi. Watau ana iya lura da tsuntsu in an ga dama. Mai ɓarna a ke sa wa ido, mai amfani a ƙyale shi ya mutu. A Ingila tun 1979 mutanen gari kan zauna awa ɗaya a watan Janairu su ƙirga tsuntsayen da suka sauka gidajensu, da 'yan makaranta ma aka fara abin. Ta haka suka ga irin da ke raguwa tun da sauran dama.

Ba sai an je Ingila ba ma. A 2015 aka soma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Laminga kusa da Jos ke jagoranta. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mutum ya zaga gida ɗaya na aƙalla awa biyu, ya rubuta kowane tsuntsu da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta wayar hannu. Ba a tambayarsa takardar shaida. Samarin Arewa sun kafa ƙungiyarsu a cikin wannan aiki, sun taka ƙasa mai yawa. Amma baƙon da ya zo ya kwana biyu ya wuce ba zai taɓa sanin gari kamar ɗan gari ba.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga makarantun sakandare a kowane babban gari. Me zai hana malamin kimiyya ya ɗauki ɗalibai goma da littafi guda, su tsaya a mayanka sau ɗaya a wata, su rubuta abin da suka gani? Ko ba su ga kome ba su rubuta sifili, domin sifilin ma shaida ce. Su zauna da Sarkin Pawa da tsofaffin mahauta su rubuta abin da suka tuna, tun ba su tafi da shi kabari ba. In an ga sheƙa a wata kuka, a gaya wa hakimi ya hana sara da hawa. Sarkin kasuwa ya hana shimfiɗa kan ungulu, limamai kuma su tuna wa jama'a cewa kashe halitta don camfi zalunci ne. A haɗa da shamuwa da shirwa da hankaka a cikin ƙidayar, don kada su ma a wayi gari ana tambayar inda suka tafi.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka ne, sai dai ido yana mantuwa, mai idon kuma yana mutuwa. Abin da aka rubuta shi kaɗai za a iya ɗauka a kai gaban hukuma a ce, ga yadda a ke bara, ga yadda a ke bana. Allah ya sa a farga tun da sauran abin ƙirgawa, amin.