Tsarabar ranar ƙarshe a tsibirin Gore

Ma'aikacin gwamnati da aka tura taro ko ƙaro ilimi a Dakar, da alhajin Tasawa ko na Mayahi da fatauci ya kai shi can, sau da yawa sukan ware ranar ƙarshe ta zamansu don shan iska a tsibirin Gore. Jirgin ruwa ke ɗaukarsu daga tashar Dakar, cikin kamar minti 20 ya sauke su. Tsibirin bai kai kilomita 1 ba a tsawo, mota ba ta yawo a cikinsa, kuma sefar da ke aljihun mutumin Nijar ita ce ake kashewa a can. Da la'asar ta yi sai hankali ya koma ga tsaraba: turmin atamfa na uwargida, carbi na tsoho, hula ta shugaban wurin aiki, domin wanda ya dawo daga bakin teku hannu Rabbana zai sha magana a gida.

Amma akwai wata tsaraba wadda ba ta cika akwati, duwan kuma ba ta karɓar ko dala a kanta, ita ce dabarar da mutanen Gore suka yi da tarihinsu. Turawan Fotugal sun isa tsibirin a 1444, Faransawa suka karɓe shi a 1677, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ake tsare bayi kafin a ƙetara da su Amurka, har Faransa ta soke bauta a 1848. Malaman tarihi suna gardama a kan yawan bayin da suka bi ta wurin, amma gardamar ba ta hana ƙasar Senegal gyara gidan bayin nan da jama'a ke ziyarta ba. Marigayi Boubacar Joseph Ndiaye ya yi shekaru da dama yana tsaye a cikinsa yana ba baƙi labari, har rasuwarsa a 2009. Hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 1978. Fafaroma Jean-Paul na Biyu ya je a 1992, Shugaba Obama na Amurka a 2013. Albarkacin wannan labari ne mai masauki da mai abinci da mai sayar da zane suke samun na tuwo.

Ɗan Nijar yana da nasa rabo a wurin, domin makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna a Gore tun daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930, kuma a cikinta Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatu.

To, wanda ya ga haka, in ya sauko tashar Tasawa, ya kamata ya waiwayi gabas. A Maijirgi, bakin babbar hanyar Damagaram, akwai kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyu da suka ratsa ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa, suna karkashe mutane, tun daga Birnin Ƙonni har Koran Kalgo. Ran 14 ga Yuli na shekarar, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su. Ran 16 da ran 17 ga watan, sojojinsu da kansu suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Yau an san inda kaburburan masu kisan suke, an san sunayensu. Sunayen waɗanda aka kashe kuwa, da na rijiyoyin da aka cika da gawa, a bakin tsofaffi suke, su ma ji suka yi daga iyaye da kakanni. A 2020 wasu masu shirya fim daga Ingila suka fitar da fim mai suna African Apocalypse a kan wannan ta'asa. Abin a gode musu ne, abin kunya ne kuma a ce sai baƙo ya zo kafin a tambayi tsohon gida.

Aikin bai fi ƙarfin gundumomin nan biyu ba. Malaman lakkwal suna da dogon hutu daga Yuli zuwa Satumba, wayar da ke aljihunsu ta isa ɗaukar muryar tsoho, littafi guda ya isa rubuta sunan gari da na wanda ya faɗi labarin. Magajin gari da sarakuna suna iya ba da ɗaki ɗaya inda za a ajiye abin da aka tara. Alhazan da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah shi saka musu, kwanon rufin ɗaki ɗaya ba zai gagare su ba. Ribar kuma ba ta tsaya ga tarihi ba: matafiyin da ya tsaya awa guda a Maijirgi zai ci abinci, zai sayi tabarma ko faifai na kabar da matan Gulbin Kaba ke saƙawa a ƙasar Mayahi.

Atamfa takan koɗe cikin damina biyu. Kowace damina kuwa tana tafiya da tsofaffi, su tafi da abin da suka sani. Mai shirin tafiya Dakar ya sayo wa iyali abin da ya sawwaƙa, ya kuma dawo da niyyar zama gaban tsohon garinsu kafin a shiga girbin gero. Allah shi jiƙan waɗanda suka rasu a 1899, shi ba na baya ikon riƙe sunayensu.