Wadda aka fara gwadawa ba lallai ita ta kawo cutar ba

Jama'a, akwai wani zalunci da ake yi a gidajen aurenmu, mun yi gum da bakinmu. Mace ta je awon ciki, a gwada jininta, a ce tana ɗauke da cutar ƙanjamau. Ta daure ta faɗa wa maigida. Sakayyarta zagi, duka ko takardar saki, ga ciki a jikinta.

Maza 'yan'uwana, ta yaya ka san ita ta kawo? Mata ke zuwa awo, shi ya sa su ake fara ganowa. Mu kuwa sai ciwo ya kwantar da mu muke tuna asibiti. Cutar nan tana iya shekaru a jiki ba wata alama, kuma gwajin ba ya nuna wanda ya fara ɗauka. Sannan ba ta hanyar banza kaɗai ake samunta ba. Akwai auren baya, akwai ƙarin jinin da ba a tantance ba, akwai allura da aska.

Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya, kuma mata sun fi yawa. Duk wadda ta ga an kori 'yar'uwarta saboda ta faɗi gaskiya, to shiru za ta yi. Ta riƙa ɓoye magani, yau ta sha, gobe ta tsallake don kada a gani. Wa ya cutu? Kai, da abokiyar zamanta, da jaririn.

Alhali maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wadda ke sha kullum har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ta shafa wa mijinta, kuma tana iya haihuwar ɗa lafiya lau.

Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024 ta yi kyau, amma ba ta taɓa auren da aka riga aka ɗaura ba. A nan sai asibitoci su riƙa zaunar da miji da mata tare, da yardarta, a yi musu bayani. Limamai su kawo maganar a huɗuba.

Kai kuma, in matarka ta faɗa maka, wallahi amana ta ba ka. Ka je a gwada ka, a gwada sauran iyali, kafin ka nemi biro da takarda.

Allah ya sa mu gyara.