Filin Sana'a: Mai Zane Ba Ya Rasa Ƙofar Shiga

A unguwar Hammadu Kafi ta birnin Gombe, kamar sauran unguwannin Arewa, ba a rasa yaron da ke cika bangon gidansu da zanen mota da doki da gawayi. Sau da yawa ladansa tsawa ce, a ce masa zane ba sana'a ba ne. To, ga labarin wani da ya fara da zane, domin iyaye su auna.

Sunansa Demas Nwoko, ɗan sarkin Idumuje-Ugboko ne, a Jihar Delta ta yanzu, an haife shi a 1935. A 1957 ya zo Zariya ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman zane a lokacin galibi Turawa ne, darasinsu kuwa na Ingila ne. Sai a 1958 shi da abokansa, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Manufarsu ita ce a karɓi dabarun Bature, amma a gina su a kan fasahar da aka gada kaka da kakanni.

Da ya gama a 1961 sai ya tafi Faris ta ƙasar Faransa, ya koyo tsara dandalin wasan kwaikwayo. Ya komo ya koyar a Jami'ar Ibadan daga 1963 zuwa 1978. A nan ne fa hanyarsa ta yi rassa. Ya yi zanen fenti, ya gasa siffofin yumɓu a kan tafarkin mutanen Nok na dā, ya tsara kujeru da tebura, ya kuma buga mujallar fasaha mai suna New Culture. Ɗakin aikinsa na Ibadan shi ya zana abinsa, shi ya gina.

Abin mamaki shi ne, bai taɓa karɓar takardar shaidar ilmin tsara gine-gine ba, amma gini ne ya fi fito da sunansa. Shi ya tsara majami'ar 'yan ɗarikar Dominika ta Ibadan, da babban zauren al'adu na Oba Akenzua a birnin Benin. Dabararsa ita ce a buga tubali da jar ƙasar wurin, a gauraya ta da siminti kaɗan, a bar wa iska da haske hanyar shiga, yadda ɗaki zai yi sanyi ba sai da na'ura ba. Magina na ƙasar Hausa da suka ɗaga soro da tubali da azara ba za su ji wannan baƙon zance ba. A 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin gine-gine na birnin Benis ta Italiya, yana da shekara 87.

Darasin a fili yake. Buhun simintin Ashaka da ake saukewa a kasuwannin Gombe, wani ne ya zana tambarinsa. Haka atamfa, da kwalin magani, da littafin firamare, da kujerar makaranta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe musamman na tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da zanen bugawa da yadi da tangaran. Idan yaran Arewa ba su shiga ba, aikin ba zai tsaya jiransu ba, wasu za a kira su yi, kuɗin kuma ya bi su.

Saboda haka uban da ya ga ɗansa da gawayi a jikin bango, maimakon bulala, ya saya masa fensir da takarda, ya kai shi wurin mai rubuta allon shaguna ko kafinta a lokacin hutu, karatun boko da na allo kuwa kada a sassauta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa a gane.