WA YA CE MATA BA SA SAURARO?

Godiya ta tabbata ga Allah (S.W.T.), Mai ji, Masani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu 'yan'uwa, har da masu riƙe da kwamitocin masallatai, wai mace ba ta da kunnen karatu, wai ko an kai ta majalisin tafsiri surutu ne zai kai ta ya dawo da ita. Da wannan magana ake fakewa a bar sashen mata babu lasifika, ko a bar musu wadda ta shekara a lalace. To, muna tambaya: ina hujja? Mu da muke kiran jama'a su bar duk al'adar da ba ta da dalili, ashe mu ma muna da namu gadon da ba ma so a taɓa?

Mu fara da Sunna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Ibnu Abbas (R.A.) cewa wata ranar Idi Annabi (S.A.W.) ya yi huɗuba, sai ya ga muryarsa ba ta kai ga mata ba. Sai ya taka da ƙafarsa tare da Bilal (R.A.) har inda suke, ya yi musu wa'azi, ya umarce su da sadaka, suka riƙa cire 'yan kunne da zobba suna jefawa a cikin tufar Bilal. A lura da kyau: da mata ba su ji ba, nisa ya duba, bai tuhumi kunnuwansu ba.

Ummu Hisham 'yar Harisa (R.A.) ta ba da labarin cewa daga bakin Annabi (S.A.W.) ta haddace Suratu Ƙaf, domin yana karanta ta a kan mumbari ranar Juma'a. Aya 45, da kunne kawai! Mutum nawa ne a sahun gaba a yau zai iya faɗin abin da liman ya yi huɗuba a kai Juma'ar da ta wuce? Ummu Salama (R.A.) kuwa ana cikin taje mata kai ta ji Annabi (S.A.W.) ya kira mutane daga mumbari, nan take ta ce a dakata. Mai tajewar ta ce ai maza aka kira, ta amsa mata cewa ita ma tana cikin mutane. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito hadisi 2,210. Da wane kunne ta ji su?

Ga wanda kuma ba ya gamsuwa sai an ce "masana sun ce", to, ga abin da suka ce. Wani dogon bincike da aka yi a Baltimo ta ƙasar Amurka, aka buga a 1995, ya nuna cewa jin maza yana raguwa da shekaru fiye da ninki biyu na saurin raguwar na mata. A 2025 an buga wani da aka auna mutum kusan 450 daga al'ummomi 13 na ƙasashe daban-daban, aka tarar kunnen mace ya ɗara na namiji kaifi da kimanin desibel 2, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Batun surutu ma an ƙirga shi: a 2007 an naɗi maganar ɗalibai 396 a Amurka da Meziko, aka samu maza da mata kowa yana furta kalma wajen 16,000 a yini.

Amma kada wani ya juya wannan ya mai da shi mafaka, ya ce ai namiji haka Allah Ya halicce shi, shi ya sa matarsa take magana yana latsa waya. Bambancin da aka auna ƙarami ne, kuma na kaifin ji ne. Natsuwa da ba da hankali tarbiyya ce da tsoron Allah. Khaula 'yar Sa'alaba (R.A.) ta kai ƙarar mijinta wurin Annabi (S.A.W.), Nana A'isha tana gefen ɗaki wani sashe na maganar yana kuɓuce mata, amma Allah Ya ji, Ya saukar da farkon Suratul Mujadala. Wane ne kai da za ka toshe kunne ga koken iyalinka?

Za a ce ai ana jin hayaniya a sashen mata. Gaskiya ne, amma mene ne sababi? An cusa su bayan katanga, ba sa ganin malam, ba sa jin muryarsa, ga goyo a baya, ga wani yaron a cinya, ga zafi babu fanka. A kwashe maza ɗari a zuba a wannan ɗaki na sa'a guda, mu ga ko hira ba za ta ɓarke ba. Ka hana mutum ji, sa'annan ka zarge shi da rashin sauraro? Wannan zalunci ne. Sakamakonsa kuwa a gidajenmu yake: uwar da ba ta ji hukuncin tsarki da salla ba, ita ce malamar farko ta 'ya'yanka.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajis suna ɗaukar karatu daga bakinta suna kai wa matan ƙauyuka. Wannan shi ne tajdidin da muke da'awar bi.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe: a gyara lasifikar mata kafin a sayi sabuwar shimfiɗa a sahun maza, kuma a gwada ta kafin a fara karatu. A ware musu rana ta musamman, kamar yadda suka roƙi Annabi (S.A.W.) ya ware musu. A karanta tambayoyinsu a amsa, kada a bari sai an tashi. Maigida kuma ya riƙe yara sa'a guda, ba za a rage masa girma ba.

Allah Ya sa mu cikin masu jin gaskiya su bi ta, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.