INA AKA KWANA? TARON MINTI 15 A TSAYE

A wannan fitowar zan ɗan ajiye zancen samari da lefe a gefe, kar ku ji haushi, za mu koma. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda aikin taro yake lalacewa alhali kowa tana ta gumi.

Da yawanmu yanzu tare da wasu muke aiki. Wata tana shagon ɗinki, wata ofis, wata asibiti, wata kuma an sa ta a kwamitin bikin yaye ɗalibai na makarantarsu. Sai ki ga ana ta kai da kawo, amma ranar da za a miƙa aiki a tarar da wani ɓangare ko taɓa shi ba a yi ba. Nan da nan a fara nuna wa juna yatsa, a ce wance malalaciya ce. Ni kuwa a ganina ba kullum lalaci ba ne. Sau da yawa aikin ne ya maƙale a hannun yarinya, kunya ko tsoron faɗa ya sa ta ja bakinta ta yi gum, wadda za ta iya taimaka mata kuma tana nan kusa da ita ba ta sani ba.

Ashe manyan kamfanonin duniya ma wannan ciwon ya dame su, har suka nema masa magani. Mu fara da Toyota na ƙasar Japan, masu motocin nan da muke shiga kullum. A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa saboda rashin kuɗi, ba shi da halin ƙera kaya ya jibge a sito suna jiran ranar amfani. Sai wani injiniyansu mai suna Taiichi Ohno ya ɗauko dabara daga manyan kantunan Amurka, waɗanda daga baya ya je ya gani da idonsa a 1956: mai saye ya ɗauki abin da yake so, ma'aikaci ya cike gurbin abin da aka ɗauka kawai. A masana'anta sai aka maƙala ɗan kati a jikin kowane akwatin kayan haɗa mota. Kati ko allo shi ake kira kanban da Japananci. In kayan akwatin suka ƙare, katin ya koma wurin masu ƙera su, shi ne umarninsu na su yi daidai adadin da ke rubuce. Ba kati, ba aiki. Kin ga ke nan duk wanda ya dubi katunan ya san inda aka kwana ba sai ya tambayi kowa ba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne igiyar. A saman layin haɗa motoci akwai igiya, kuma ƙaramin ma'aikaci yana da ikon ya ja ta da zarar ya ga matsala. Yana ja fitila ta kama a allo, shugaban rukuninsa ya taho da sauri ya taya shi. In ba a gyara ba kafin motar ta kai wani wuri da aka shata, layin ya tsaya. Ki duba fa, 'yar uwa, kamfani guda ya yarda aiki ya tsaya saboda maganar ma'aikaci ɗaya, domin sun gane gyaran ƙusa ɗaya yanzu ya fi sauƙi a kan kwance mota bayan an gama ta.

Su kuma masu haɗa manhajar kwamfuta a Amurka nasu salon daban ne. A 1995 Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da wani tsari mai suna Scrum, sunan da aka aro daga wasan zari-ruga, inda 'yan wasa kan haɗa kai su tura tare. A cikin tsarin akwai taron kullum na minti 15, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kuma rukunin ba ya cika wuce mutum 10. Da yawa a tsaye suke yin sa, don in ƙafa ta gaji surutu zai ragu. Shekaru da dama kowa tambaya uku yake amsawa: me na yi jiya, me zan yi yau, me ya tare mini hanya. A 2020 suka cire tambayoyin daga littafin ƙa'idarsu, suka bar wa kowane rukuni ya zaɓi yadda zai yi.

Ni dai da za a tambaye ni, ta ukun nan ba zan taɓa yar da ita ba. Biyun farko ai kowa ta iya, ki ce jiya na yi kaza, yau zan ci gaba, ki wuce. Ta ukun ce take buƙatar ƙarfin hali, kuma ita ce igiyar Toyota a wata kama. Ƙa'idar ma cewa ta yi taron na masu aikin ne su da kansu. Inda ya koma wurin da oga ke tsare mutane da ido kowa na karanto masa hadda kamar gaban malamin allo, to an bar sunan taron amma an kashe amfaninsa.

Bari mu kwatanta da abin da muka sani. A ce shagon ɗinki ne mai 'yan mata shida, azumi ya kai goma, kayan sallah sun taru har rufi. A samu allo ko bayan kwali a raba shi gida uku: wanda ke jira, wanda ake kai, wanda aka gama. Kowane ɗinki da takardarsa, da sunan mai shi da ranar karɓa, ana matsar da ita daga gida zuwa gida. Da safe kafin a hau keke a tsaya gaban allon. A nan ne mai aikin wuya za ta ce zaren da ya dace da shaddar Hajiya ya ƙare tun shekaranjiya, a aika kasuwa a ranar. In ba haka ba sai daren sallah zancen zai fito, Hajiya na tsaye a bakin ƙofa, kuma kun san ba za ta sake kawo ɗinki ba, ƙawayenta ma haka.

Gidan tsakiyar nan a kula da shi sosai. David Anderson, wanda ya fitar da littafi kan amfani da kanban a aikin manhaja a 2010, abin da ya fi nanatawa shi ne a ƙayyade yawan aikin da za a buɗe a lokaci guda. Mu ma ai mun san taura biyu ba ta taunuwa. Tela ta yanka atamfa takwas ta zube su, ba ko ɗaya da za a iya miƙa wa mai ita, alhali da biyu ta kama da tuni an goge an ninke. A yi doka, ba mai ɗaukar sabo sai ta fitar da na hannunta ko ta taya wadda nata ya tsaya.

Sai ke Anti mai shago, ko shugabar kwamiti, ko hedigel. Duk wannan tsarin a hannunki yake. Ranar da yarinya ta daure ta ce, "Anti, na ɓata hannun rigar nan," kika balbale ta da faɗa a gaban sa'o'inta, wallahi kin gama jin gaskiya a shagon nan. Gobe kowa za ta ce miki komai lafiya lau, takardu su yi ta zama a gidan tsakiya. Ki tambaye ta me take buƙata, ki haɗa ta da wadda ta fi ta iyawa, in akwai faɗa ki ja ta gefe bayan an watse. Kuma ki duba agogo, in minti 15 ta cika a tashi, doguwar magana ta rage tsakanin mutum biyun da abin ya shafa.

Duk wadda ta gwada a shagonsu ko a makarantarsu ta rubuto mini ta adireshin mujalla, ina so in ji musamman yadda aka kwashe da tambaya ta uku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.